Daɓen kankare na rumfa da shago: kurakuran da na gaji da gani a Marwa

Da rani ya kama sai masu walda da kafintoci da masu injin niƙa su taso neman wanda zai zuba musu daɓen kankare, kuma duk shekara kurakurai iri ɗaya nake gani, daga masu ba da aikin har yaran da suka fara riƙe cokalin gini jiya jiya. Tambayar farko ita ce, "Malam, buhu nawa zai ci?" Ni ba na amsa wannan sai na je na taka wurin da ƙafata, domin yawancin daɓen da na ga ya fashe a garin nan ba ƙarancin siminti ya fasa shi ba. Abin da ke ƙarƙashinsa ne.

Duk wanda ya san Diyamare, yankin da Marwa take a arewacin Kamaru, ya san karal, baƙar lakar nan da ake dasa masakwa, wato dawar rani, a kanta bayan damina. A watan Maris takan bushe ta yi tauri, ta tsattsage har hannu ya shige cikin tsagar. Ruwan Agusta na sauka sai ta sha, ta kumbura, tsagar ta haɗe. Ƙasar da ke hawa da sauka duk shekara ke nan, amma sai mutum ya share ciyawa, ya kafa katako, ya zuba kankare a kanta kai tsaye. Bakin daɓen ne ke fara jiƙewa, shi ne kuma ke fara bushewa, tsakiya tana nan yadda take, sai gefe ya ɗaga ko ya zauna, kankare kuwa ba ya lanƙwasa.

Wani Alhaji a bayan gari ya taɓa ba ni daɓen rumfar da zai sa injinansa. Na ce sai an haƙe an yi ciko. Ya doka diddige a ƙasa ya ce, "Malam, wannan ƙasar ko diga ba ta shigarta, me za ka cike? Kai dai zuba." Ya ƙi biyan ko tifa ɗaya ta jar ƙasa, aka zuba yadda yake so. Damina ɗaya ta wuce, tsaga ta taso daga bakin ƙofa ta ratsa har kusurwar baya, ƙofar ƙarfen ta daina rufuwa sai an ɗaga ta da kafaɗa. Ya shiga majalisa yana cewa na cinye masa siminti. Ayyukan da wannan magana ta raba ni da su sun fi kuɗin daɓen nesa ba kusa ba. Tun daga ranar, wanda ya ce ba zai yi ciko a kan karal ba, ina yi masa sallama cikin mutunci ya nemi wani.

Yadda nake yi: in haƙe aƙalla santimita 30 zuwa 40, in fitar da baƙar ƙasar gaba ɗaya daga wurin. In cike da jar ƙasa mai tsakuwa, ba a zuba ɗaya ba, hawa hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa, a daɓe har sai na taka diddigena bai bar alama ba. Yara sun fi ƙin wannan aikin, da ka juya baya sai su juye baro biyar wuri guda su lallaɓa samansa. Ku daina! Cikon da ba a daɓe ba zai zauna daga baya, ya bar rami a ƙarƙashin kankare, ranar da aka ɗora inji mai nauyi sai ka ji ƙas. Karal tana da zurfi, haƙan nan ba ya kawar da ita duka, shi ya sa nake ƙara kaurin bakin daɓen ko'ina, in sa rodi, in kuma tabbata ruwan da ke zubowa daga kwanon rufi ba a gindin daɓen yake taruwa ba.

Daɓen ya ɗara ƙasar waje da santimita 15 ko 20, musamman a Yagwa da Kuseri, inda ambaliyar 2022 da ta 2024 ta nuna wa kowa inda ruwa ke iya kaiwa. Kada a zuba shi dab da gindin dogon yaro, saiwarsa za ta ɗaga shi. Wurin da gara ta taɓa gini a haƙe gidanta tukuna.

Sai lissafin kuɗi, inda ake yawan ɓatawa tsakanin magini da mai aiki. Ba a yi wa kankare kuɗi da ido. Tsawo sau faɗi sau kauri. Ɗauki rumfa mai mita 4 da mita 5, kauri santimita 10: mita kubik 2 ke nan. Ni ina zuba kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 mai kilo 50, jimla buhu 14. Kowane buhu yana tafiya da baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa, idan baron mai lita 60 ne kuma ba a yi masa tozo ba, saboda haka yashi baro 14, tsakuwa baro 28. Wasu suna sauka zuwa buhu 6 idan ɗakin ajiya ne kawai, ban ce sun yi laifi ba, amma wurin da za a riƙa jan ƙarfe da buga guduma ba na ragewa.

Inda masu koyo ke cin bashi shi ne rashin daidaita fuskar cikon. Idan ƙasa ta yi kwari da santimita 2 kacal a faɗin murabba'in mita 20, ka ƙara kusan buhu 3 ba ka sani ba, sai kankare ya ƙare saura kusurwa ɗaya, rana ta take, a tura yaro kan babur neman siminti. Kafin ya dawo na farko ya fara kamawa, mahaɗar nan kuwa nan ce za ta tsage. A ja igiya, a auna zurfi wurare da yawa kafin a buɗe buhu, a kuma ƙara kashi goma cikin ɗari a kan lissafi.

Rodi ma a lissafa shi da yankansa. Raga mai tazarar santimita 20 a wannan rumfar tana son sanda 26 masu mita 4 da sanda 21 masu mita 5. Rodi mai mita 12 yana ba da uku na farkon, amma biyu kawai na na biyun da guntu, don haka guda 20 za ka saya, ba 18 da lissafin tsawo zai nuna maka ba. Kada kuma a shimfiɗe ragar a ƙasa a zuba kankare a kanta, a ɗaga ta kan 'yan guntayen bulo ta zauna cikin naman kankaren.

Farashin buhu a tambaya ranar da za a saya. Masana'antar siminti tana nan Figil, tsakanin Garwa da Marwa, amma hakan bai hana kuɗinsa motsi ba. A rubuta komai daban a takarda: haƙa da kwashe ƙasa, ciko, siminti, yashi, tsakuwa, rodi da waya, katako da ƙusa, kuɗin mota, ruwa, sannan ladan aiki. Wanda ya zo maka da kuɗi dunƙule mai rahusa, duba da kyau, ciko da ruwan shayarwa ne ya cire. Araha ba ta ado.

Yanzu maganar ruwa, wadda ta fi komai ɓata mini rai, domin ana zuba shi da yawa lokacin da ba a so, a hana shi lokacin da ake so. Lebura yana son kwaɓi ya yi ruwa ruwa kamar kunu don shebur ta yi masa sauƙi. Ruwan da ya wuce kima zai ƙafe ya bar ƙananan ramuka cikin kankare, tsakuwa ta nutse, saman ya zama gari, bayan wata biyu tsintsiya ma tana kankare shi. Jarka ɗaya mai lita 25 ta ishi buhu ɗaya, idan yashin da danshi ma a rage. Jarkar a hannuna take zama, ba na barin tiyo kusa da wurin kwaɓi.

Bayan an zuba kuma sai kowa ya watse, a bar daɓe a rana. Haba jama'a! Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwan yake sha a hankali yana kamawa. A Afrilu zafi yana haura digiri 40 a nan, lokacin hunturu kuma busasshiyar iska tana zuƙe danshi cikin sa'o'i. Ina fara zuba bayan sallar asuba, ko bayan la'asar idan aikin ƙarami ne. Da saman ya kama yadda yatsa ba ya lotsa shi, sai in rufe da tsofaffin buhunan algarara ko yashi mai danshi, a shayar safe da yamma kwana 7 ba fashi. Kuɗin mai ga-ruwa na wannan makon yana cikin takarda tun farko, da sunan wanda zai tsaya a kai. Inji mai nauyi kuwa ya jira kwana 28.

Yashin mayo, wato rafi, yakan zo da laka: zuba shi cikin kwalba da ruwa, girgiza, bari ya kwanta, idan ka ga laka ta yi kauri a samansa a canza wurin ɗiba. Buhun da ya yi dunƙule wanda yatsa ba ya murƙushewa a mayar wa mai shago. A shimfiɗa leda kafin zuba don busasshen ciko kada ya tsotse ruwan kankare. Kusurwa a gwada ta da awon mita 3, 4 da 5: mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakanin ƙarshensu ya ba da 5. Ƙafafun rumfa da bututun wayar lantarki a san wurinsu tun kafin zuba, ba a dawo da kurfi ana sassaƙa sabon daɓe ba. Mai injin niƙa kuma a yi masa mazaunin injin daban, mai kauri, a raba shi da sauran daɓen da siririn katako, in ba haka ba jijjigar za ta bi kankaren ta tsaga shi tun daga gindin ƙusoshin.