Yadda na shawo kan ɗan karena na farauta

Wallahi karen nan ya kusa sa ni kuka, wata 8 kacal amma ya yayyaga min takalma, ya tone gindin mangwaro, ranar da ya kashe kajin maƙwabta biyu sai da na biya. Da farko ɗaure shi nake da sarƙa, ashe hakan ke ƙara tunzura shi, jinin farauta ne, in bai yi gudu ba ba natsuwa. Sai na fara fita da shi bayan asuba, awa guda a fili, ina jefa masa tsumma yana ɗaukowa, in ya kawo in ba shi ɗan nama. Sati uku ya canza. An masa allurar haukan kare, da rani kawuna maharbi zai riƙa shiga daji da shi.