Yadda ake fitar wa shara wuri tun ranar yankan fuloti

Unguwar da aka yanka ba a bar wa shara wuri ba, sharar ce za ta zaɓar wa kanta: kango, bakin lambatu ko kududdufi. Don haka maganar bola a kan taswira take farawa, kafin a sayar da fuloti ko ɗaya.

A fara da lissafi. A ƙaddara kowane mutum yana fitar da kusan rabin kilo a rana. Fuloti 500, kowanne da mutum 10, tan 2.5 ke nan kullum, ban da ta kasuwa da mahauta.

Wurin tarawa na cikin unguwa kada ya wuce tafiyar minti biyar daga gidaje, domin yara ake aika, in ya yi nisa a kwata za su juye. Ya zama a bakin titin da tifa za ta shiga ta juya, a daɓe shi da siminti, a katange gefe uku. Sannan a yi masa takarda da sunan hukuma, in ba haka ba wata rana shago za a tarar a wurin. A Kano, hukumar tsara birane ta KNUPDA ce ke duba tsarin filaye, hukumar REMASAB ke kwashe shara. A nuna wa ta biyun taswirar tun ana iya gyara.

Babban juji ya fi buƙatar natsuwa. Kududdufi yana da daɗin cikewa, amma shi ke riƙe ruwan damina. Aka cike shi, ruwan cikin gidaje zai koma, ruwan da ke tsatsowa daga sharar kuma ya gangara rijiyoyi. A nemi tudu mai ƙasar yumɓu, a auna zurfin ruwan ƙasa a Satumba lokacin da ya fi tasowa, a bar aƙalla mita 2 tsakaninsa da gindin ramin jujin. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take, ta damina daga kudu maso yamma, kada juji ya zauna kan layin nan da gari, don kada iska ta kawo wari. A bar tazarar mita 500 da gidaje, a shata ta a taswira a hana yankawa, domin gari yana bin titin jujin ya cim masa. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta shafi babban juji.

Kullum a rufe sharar da ƙasa santimita 15. A ware gefe ga 'yan jari bola da manoma masu ɗibar taki.

In jujin ya cika, a yi filin ƙwallo ko a dasa itatuwa. Ƙasar tana shekaru tana lotsawa tana fitar da gas mai kama wuta, ba ta ɗaukar gini.