Kafin Ka Ɗora Zarto Kan Katakon Daɓen Bene

Toh, duk mai son buɗe wajen matakala ko hanyar bututun hayaƙi a benen katako ya sani, katakan nan da aka jera a ƙarƙashin daɓe, waɗanda kafintoci ke kira joyis, kowanne da nauyin da yake ɗauke da shi, kuma in ka yanke ɗaya nauyin nan baya ɓacewa, sai dai ya nemi inda zai faɗa. Kuskuren farko kenan, mutum ya ja layi kawai ya kama yanka bai tokare daga ƙasa ba. Na taɓa ganin inda aka yi haka, zarton ma maƙalewa ya yi a cikin katakon saboda daɓen ya fara lotsawa, silin ɗin ƙasa kuma ya tsage tun daga kusurwa. Ka fara kafa matokarai gefe da gefen inda za ka yanke, sannan zarto.

Na biyu kuma shi yafi bani haushi wallahi, wato rowar katako. Za a yanke joyis uku ko huɗu sai a gicciya musu katako guda ɗaya tal wai shikenan an gama, alhali wannan na gicciyen shi ke karɓar nauyin duk waɗanda aka yanke ya miƙa wa joyis biyu na gefe da ba a yanke ba. Ƙa'idar ginin gidaje ta Amurka cewa ta yi in tsawon na gicciyen ya wuce ƙafa 4 a ruɓanya shi, a ruɓanya na gefen ma, a tsohon bugunta kuma ta ce in ya wuce ƙafa 6 a rataye shi da hangar ƙarfe, wato ƙarfen da ake kafawa da ƙusa ya tallafe bakin katako. Ruɓanyawar ma ba wai ka jingina guntun katako ka buga ƙusa biyu ba ne, na gefen sai ya tafi tun daga bango zuwa inda zai samu mazauni, a haɗe su da ƙusa sosai har su zama kamar abu ɗaya.

Ita kuma hangar, kowane rami da ka gani a jikinta ƙusarsa yake jira. Wasu sai su cika rabi, ko su ɗaura sukurun silin, shi kuwa karyewa yake in nauyi ya danne shi.

Sai masu aikin famfo da wayarin, su nasu daban ne, kafinta ya gama aikinsa lafiya su zo su sassaƙe joyis don bututu ya wuce. Ba a sassaƙa a kashi ɗaya cikin ukun tsakiyar katako, nan ne ya fi shan wahala. In rami ne a huda, kar faɗinsa ya wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfin katakon, a bar aƙalla inci 2 sama da ƙasa. Irin joyis ɗin masana'anta mai siffar I kam kar ka ko taɓa leɓensa na sama da na ƙasa.

Bututun hayaƙi na bulo a bar masa ratar inci 2 tsakaninsa da katako saboda gobara. Wajen matakala kuma dan Allah a auna tsayin kai, wato ratar da ke tsakanin matakala da abin da ke samanta, tun kafin a yanke, ƙafa 6 da inci 8 ake so, in ba haka ba duk mai saukowa sai ya sunkuya, gyaran kuma sai an sake warware na gicciyen gaba ɗaya an ja shi baya.