Yadda za ka rage shan man motarka

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa idonsa na kan tanki. A babban titi irin Kano zuwa Kaduna riƙe gudu tsakanin kilomita 80 da 90 a awa, da ka haura 110 iska ke danne motar, injin sai zuƙar fetur kawai yake. Wajen tashi kar ka danna totur da ƙarfi, bi a hankali ka shiga babbar giya da wuri, in ka hango danja ko gosulo ɗaga ƙafa tun daga nesa motar ta gangara da kanta, ba sai ka zo gaf ka taka birki ba. Leƙa wajen mai faci duk wata ya duba iskar taya, tarkacen cikin but ɗin nan ma a sauke don Allah.