Kurakuran da 'yan haya ke yi idan za su ƙara mutum a gidan haya

A Gombe, saurayi yakan kama ciki da falo a Tumfure ko Federal Low Cost tun yana gwauro, a rubuta yarjejeniya da sunansa shi kaɗai. Bayan wata shida a ɗaura masa aure amarya ta tare, ko ƙaninsa ya sami gurbi a jami'ar jiha da ke Tudun Wada ya sauka wurinsa, ko wani abokin aiki ya shigo su raba kuɗin haya. Gida ya zama na mutum biyu, amma takarda har yanzu mutum ɗaya ta sani, kuma ranar da rigima ta tashi takardar za a ɗauko.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yin shiru. Mutum ya ce, "Ai Alhaji ya sani, da shi aka ɗaura auren." Halartar ɗaurin aure zumunci ne, ba ya canza abin da aka sa wa hannu. Yawancin takardun da lauyoyi ke rubutawa suna da sharaɗin cewa ɗan haya ba zai ba wani hayar gidan ko wani sashe nasa ba sai da izinin mai gida a rubuce, wasu ma suna ƙayyade yawan mazauna. Matar aure ba kasafai take shiga wannan hani ba, amma abokin da ke ba ka kuɗi duk wata ya shiga tsundum, kuma mai gidan da dama yake neman dalilin tashinka ya samu. Gyaran shi ne ka sake karanta takardarka, sannan ka je wa mai gida kafin a sauke kaya.

Kusa da wannan akwai wanda ke gaya wa dillali ko mai kula da gida da baki, shi kuma ya ce, "Ba komai, zan sanar da Alhaji." Dillali ya riga ya karɓi la'adarsa, kuma sau da yawa ba shi da ikon canza ko kalma ɗaya. Wanda ya sa hannu a matsayin mai gida, ko wakilin da ya ba iko a rubuce, shi ake nema.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne rashin bambance mazauni da ɗan haya. Mazauni an yarda ya zauna ne kawai a ƙarƙashin wanda ya kama gidan, idan wancan ya tashi shi ma ya tashi. Ɗan haya kuwa yana da haƙƙin kansa, dole a ba shi notis, kuma ba a fitar da shi sai ta hanyar kotu. Na ga yadda wannan bambanci ya yi wa wata maƙwabciyarmu illa. Malamar firamare ce, kuma shekara uku daga albashinta ake cika kuɗin haya, amma kowane rasit sunan mijinta ne a kai. Da Allah Ya yi masa rasuwa, tana cikin takaba, ko wata biyu ba ta cika ba daga cikin wata huɗu da kwana goma, 'yan uwansa suka je wa mai gida cewa sauran kuɗin hayar da kuɗin ajiya gado ne. Ta fito da rasit ɗin daga cikin wata baƙar leda da take ajiye takardun haihuwar yara, ta shimfiɗa su a tabarma, babu ko ɗaya da ya ambace ta. Mai gidan mutumin kirki ne, ya ce, "'Yata, ba wanda zai tashe ki," amma da wani ne daban, abin da za ta dogara da shi mutuncin takaba ne kawai. A ganina duk matar da kuɗinta ke shiga haya ya kamata sunanta ya shiga takarda a matsayin 'yar haya, kuma mijin da ya ƙi hakan don kada a ce mace ta biya masa ɗaki, ya sayar da kwanciyar hankalin iyalinsa ne don ya sayi girman kansa.

Sai dai sa suna yana da nasa nauyin. Idan mutum biyu suka kama gida tare, mai gida yana iya bin kowannensu cikakken kuɗin, ba rabinsa ba, matuƙar takarda ba ta raba ba. Abokinka ya sami canjin wurin aiki zuwa Bauchi ya tafi, kai za a riƙe. Don haka a rubuta wanda zai biya nawa, da abin da za a yi idan ɗaya ya fita kafin shekara ta cika, da wanda kuɗin ajiya zai koma wa. Ƙanin da ba ya biyan ko sisi kuwa, a rubuta shi mazauni ya wadatar.

Akwai kuma ɓoye dangantaka, a kawo mace a ce ƙanwa ce alhali ba a ɗaura aure ba. A unguwanninmu irin wannan magana ba ta kwana biyu sai ta kai ga mai unguwa, kuma ƙaryar da aka rubuta a takarda hujja ce a kan wanda ya rubuta ta. Wannan ba abin da takardar haya za ta gyara ba ne, aure ne gyaransa. Wanda ya yi aure kuwa ya haɗa da kwafin takardar shaidar aure, domin masu gidaje da yawa suna tambaya.

Idan an zo rubutu, kada a ɗauki biro a cusa suna a gefen tsohuwar takarda, domin gobe ana iya cewa bayan sa hannu aka ƙara. A yi ƙarin takarda mai kwanan wata, ta ambaci yarjejeniyar farko, da cikakken sunan wanda aka ƙara kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, da matsayinsa. Mai gida da 'yan hayar su sa hannu a gaban shaidu biyu, a biya harajin hatimi a hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha don kotu ta karɓe ta ba tare da tarnaƙi ba, kowa ya riƙe kwafinsa. Idan mai gida ya zaɓi sabuwar yarjejeniya ɗungurungum, a karanta ta da idon basira. Ɗan hayar shekara-shekara a ƙa'ida notis ɗin wata 6 ake ba shi idan ba a rubuta akasin haka ba, amma hayar da aka yanka wa ranar ƙarewa, da zarar ranar ta cika notis ɗin kwana 7 ne ya rage kafin a tafi kotu. Wasu sun rasa wata shidan nan garin ƙara suna.

Saura maƙwabta. A gidan da mita ɗaya ce, ana raba kuɗin wutar lantarki na kamfanin JED da na tankar ruwa da na kwashe shadda bisa yawan mutane ko ɗakuna, kuma yawancin ƙarar da ke kai wa mai gida daga nan take tasowa. Ka je wa mai riƙe littafin karo-karo tun makon farko, ka ce a ƙara mutum ɗaya a lissafin ɗakinka daga watan da ya shigo.