Yadda Ake Zaɓar Kifayen Ado Masu Launi da Za Su Zauna Lafiya a Tanki Ɗaya

Duk wanda ya tsaya a gaban tankunan mai sayar da kifayen ado, launi ne ke fara ɗauke masa ido, sai ya riƙa nuna wannan ja da wancan shuɗi har a ɗaure masa iri biyar a leda ɗaya. Mafi yawan asarar da sababbin masu kiwo ke yi daga nan take farawa, domin kifayen da ake gani a shago ƙanana ne waɗanda ba su gama girma ba, kuma ba su nuna halinsu na gaskiya ba tukuna. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a bar launi ya zama abu na ƙarshe da za a duba, bayan an san irin ruwan da ke gida, da zafin ɗaki, da girman da kifin zai kai, da kuma halinsa.

Ka fara da ruwan da za ka riƙa zubawa kowane mako. Idan sabulu ba ya saurin kumfa da shi, kuma yana barin farin ɓawo a cikin butar shayi, to ruwa ne mai yawan ma'adinai, kamar yadda ake samu a rijiyoyin burtsatse da dama. Irin wannan ruwa ya dace da kifin gufi, wanda masana ke kira Poecilia reticulata, ɗan asalin Tirinidad da Benezuwela, da kuma filati da moli waɗanda suka fito daga Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka. Su kuwa tetira na yankin Amazon da rasbora na kudu maso gabashin Asiya sun fi sakewa a ruwa mai ƙarancin ma'adinai, wanda ma'aunin pH ɗinsa (wato ma'aunin tsamin ruwa) ya tsaya a kan 7 ko ya sauka ƙasa kaɗan. Ana sayar da ɗan kayan gwajin ruwa a shagunan kifi, kuma a ganina sayensa ya fi sayen kifi na farko muhimmanci. Zaɓar kifin da ya dace da ruwanka ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ƙoƙarin sauya ruwan da sinadarai kowane mako.

Zafi shi ne abu na biyu. Yawancin kifayen da ake haɗawa a tanki ɗaya suna son digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos. A lokacin bazara ruwan tankin da ke ɗaki yana iya haura digiri 30, kuma gwargwadon ɗumin ruwa gwargwadon raguwar iskar oksijin da ke cikinsa, shi ya sa ake ganin kifaye sun taru a sama suna haki, musamman idan an ɗauke wuta famfon iska ya tsaya. Mai ɗaki mai zafi gara ya ɗauki kadinal tetira na Kogin Negro da ke Barazil, wanda ke jure ɗumi, a kan niyon tetira da ya fi son ruwa mai ɗan sanyi. Bambanta su ba wuya: jan layin kadinal ya taso daga kai har wutsiya, na niyon kuwa daga tsakiyar jiki yake farawa. Kifin zinariya ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan, domin na ruwan sanyi ne, yana wuce santimita 20, kuma yana ɓata ruwa da kashi fiye da yadda ƙananan kifaye za su iya jurewa.

Sai batun girma, wanda ka'idarsa ɗaya ce: duk kifin da ya shiga bakin wani, abincinsa ne. Anjel da ake sayarwa bai fi faɗin kwabo ba yana kai kusan santimita 15 idan ya girma. Zai zauna da niyon tetira watanni ba tare da ya kula su ba, sannan wata rana ka ƙirga ka ga goma sun koma takwas, babu gawa babu alama, domin da dare yake farautarsu. Haka kuma fileko na gama-gari, wanda ake tallata shi da cewa yana share gansakukar gilashi, yana wuce santimita 30; wanda ya dace da tankin gida shi ne ɗan'uwansa Ancistrus mai gashin baki, wanda ba ya cika wuce santimita 13. Kada kuma a jefa ɗan tarwaɗa a cikin tankin ado don an ga ƙarami ne, domin cikin 'yan watanni shi kaɗai zai rage.

Hali ya fi wahalar ganewa a shago. Taiga bab na tsibirin Sumatra kyakkyawa ne da baƙaƙen ratsinsa guda huɗu, amma yana da ɗabi'ar cizon wutsiyar duk kifin da ke tafiya a hankali, don haka ba a haɗa shi da gufi ko anjel. Namijin beta na ƙasar Tailan ba ya zama da wani namijin beta, kuma sau da yawa yakan ɗauki namijin gufi mai faffaɗar wutsiya a matsayin abokin gaba. Kifayen duwatsu na Tafkin Malawi, duk da shuɗinsu da ruwan ɗorawarsu da babu kamarsu, masu faɗa ne a kan muhalli, kuma tankinsu daban ake yi musu. Akwai kuma kiribensis, Pelvicachromis pulcher, ɗan asalin kudancin Najeriya da Kamaru, wanda macensa ke da ciki ja mai ɗaukar ido. Yana zama lafiya da maƙwabta, sai dai idan suka yi ƙwai a kogo, iyayen biyu za su kori duk wanda ya kusanci wurin, saboda haka a ba su fasasshiyar tukunyar ƙasa a kusurwa ɗaya, a kuma tabbatar tankin yana da tsawon da sauran za su sami wurin ja da baya.

Yawa ma yana gyara hali. Tetira da rasbora da koridoras (ƙananan kifaye masu gashin baki da ke kiwo a ƙasan tanki) kifayen garke ne, kuma idan aka ajiye biyu ko uku sai su tsorata, su ɓuya, launinsu ya dushe. Kada su gaza shida, goma kuwa ta fi. Garke ɗaya mai yawa ya fi ƙawata tanki a kan iri biyar bibbiyu, kuma duk wanda ya ga kadinal goma sha biyu sun juya tare a gaban koren tsiro da baƙin yashi zai yarda da haka. Gufi da filati haihuwa suke yi, kusan kowane wata, don haka ko dai a ajiye maza zalla, waɗanda dama su ne masu launi a cikin gufi, ko a ba kowane namiji mata biyu zuwa uku don kada ya gajiyar da guda ɗaya da bi.

A tanki mai lita 100 da ruwa mai ƙarancin ma'adinai, za a iya sa rasbora goma masu baƙar alwatika a gefen jiki su riƙe tsakiya, da gurami mai ruwan zuma guda biyu a sama, da koridoras shida a ƙasa a kan yashi mai laushi, domin tsakuwa mai kaifi tana cinye musu gashin baki. Idan ruwan mai ma'adinai ne, mazan gufi shida da filati biyar da Ancistrus ɗaya sun isa.

Ba a zuba su duka rana ɗaya. Sabon tanki yana buƙatar makonni huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin halitta masu amfani su zauna a cikin matacin ruwa, waɗanda su ne ke sauya amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa abin da ba ya kisa nan take. Bayan nan a fara da garke ɗaya, a jira mako biyu kafin a ƙara na gaba, a bar mai son muhalli irin kiribensis ya shigo a ƙarshe. A shago ka tsaya ka duba tankin gaba ɗaya: idan akwai mataccen kifi, ko mai fararen ɗigo a jiki kamar an barbaɗa masa gishiri, ko wanda ya matse fikafikansa ya rakuɓe a lungu, kada ka ɗauki ko ɗaya daga wannan tanki. Da ka isa gida, ka kashe fitilar tanki, ka ɗora ledar a kan ruwa na minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita, ka riƙa ƙara ruwan tanki kaɗan-kaɗan a ciki, sannan ka kwashe kifin da raga ka zubar da ruwan shagon waje. A kwanaki uku na farko ka zauna ka kalle su lokacin cin abinci, ka ƙirga su, ka duba wutsiyoyinsu. Idan ka ga wata ta yage ko wani ba ya fitowa cin abinci, ka nemo mai korarsa ka mayar da shi wani mazubi a ranar.