Yadda Ake Kula Da Hawainiyar Da Ba Ta Da Lafiya

Hawainiya dabba ce mai ɓoye ciwo. A daji, wadda ta nuna rauni ita tsuntsu ko maciji ke fara kamawa, shi ya sa ko a keji ba ta nuna tana jin jiki sai abin ya yi nisa. Ranar da ka ga alama ɗaya, kada ka ce bari mu ga gobe.

Da farko ka tsaya ka dube ta, ba tare da ka taɓa ta ba. Mai lafiya idonta a buɗe yake da rana, yana juyawa ko'ina. In ka same ta ido a rufe da tsakar rana, ko idon ya faɗa ciki, ko ta sauko ƙasa ta kasa riƙe reshe, ko jikinta ya yi duhu ya zauna haka kwana da kwanaki, akwai matsala. Duba kashinta ma. Farin abin nan da ke fitowa tare da shi shi ne fitsarinta, in ya koma ruwan goro, ƙishirwa ta kama ta.

Daga nan sai ruwa, kuma a nan yawancin masu kiwo ke kuskure. Hawainiya ba ta cika shan ruwan da aka ajiye a kwano ba, ɗigon da ke kan ganye take lasa. Ka fesa wa ganyen kejinta ruwa safe da yamma na 'yan mintuna, ka kuma rataya wani abu a sama da zai riƙa ɗiga a kan ganye a hankali. Kada ka buɗe mata baki ka zuba ruwa da ƙarfi. Hanyar numfashinta tana ƙasan bakin, ruwan zai iya shiga huhu, ka ƙara mata ciwo a kan ciwo.

Sai ka koma kan haske da zafi. Tana buƙatar fitila mai hasken UVB, wato wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, don jikinta ya iya sarrafa kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Hasken nan ba ya ratsa gilashi, don haka ajiye keji a bayan tagar gilashi ba ya wadatarwa, kuma kwan fitilar yana raunana ko da yana ci, a canza shi tsakanin wata 6 zuwa 12. In aka rasa wannan, ƙasusuwa ke laushi: ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi taushi, harshe ya daina kai wa ga abinci. Wannan ciwo ne da galibi sakaci ke kawo shi, kuma abin tausayi ne a ga dabbar da aka halitta don hawa tana faɗowa. Wurin shan ɗuminta ya kasance kusan digiri 30 a ma'aunin Selsiyas ga manyan nau'o'in da aka fi kiwo, da dare kuma a kashe fitilu duka.

Ka sauko da rassan ƙasa-ƙasa, ka shimfiɗa tawul a ƙasan keji saboda faɗuwa. In su biyu ne, raba su nan take. Gyaren da za ka ba ta, ka fara ciyar da shi ganye mai kyau, ka barbaɗa masa garin kalsiyam. In ta ƙi ci na kwana biyu, ba shi ne abin tsoro ba, ruwa ya fi gaggawa.

Akwai alamomin da gida ba ya maganinsu. Numfashi baki buɗe da majina ko kumfa, kumburi a baki, da mace da ke yawo a ƙasa tana neman wurin haƙa ta kasa yin ƙwai. Wasu matan suna ɗaukar ƙwai ko ba namiji, don haka ka sa mata mazubi mai zurfi da yashi mai danshi, in ta ci gaba da yin rauni kuwa, asibiti kawai. Nemi likitan dabbobi da ya san masu rarrafe, ka tafi da sabon kashinta don a gwada tsutsar ciki, da hoton kejin. Maganin mutane ko na kaji, ko kaɗan kada ka ba ta. Ka ɗauke ta cikin ƙaramin kwali mai duhu da reshe a ciki, ka wanke hannunka da sabulu bayan ka taɓa ta.